Hannun da Ya Rage a Hoto

Zuwa ga Muhsina, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da rana ta gajiyar, girgijen da ke sauka kan Dutsen Zuma ya tausasa masa fuska. Sallama gare ki, inuwar da nake hutawa a cikinta ko tana nesa.

Ran Talata da safe na ga abin da ya hana ni sukuni. Kin fice daga shagona da sauri, kin bar hoton da na sa miki a firam kan tebur, kin tsayar da Keke Napep a bakin titi. Har kin sa ƙafa ɗaya ciki, sai kika tsaya, kika waiwayo. Kin waiwayo! Tun ranar ba ki ɗaga wayata ba, ni kuwa wannan waiwayen ne abincina, shi ne ruwan shana.

Kin tuna ranar da kika kawo hoton? Ana yayyafi, kika zauna kan bencina kina karkaɗe mayafi, kika ce na aikin kammala jami'a ne, a gaban malamai za ki rataye shi. Kika ba ni labarin wata kwaleji a Amurka, inda bayan an daina bauta baƙaƙe da farare suka zauna aji ɗaya, suka ci abinci tebur ɗaya, shekara da shekaru, kafin wata doka ta zo ta ce a raba su, aka kwashe baƙaƙen aka fitar. Ni da na tsaya a firamare, ranar ji na yi kamar an buɗe mini taga a bango. Hoton ɗaliban kwalejin ne, yatsanki na bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kan wata baƙar budurwa can gefe. Ta dafa kafaɗar wata Baturiya, takalminta ya yi mata yawa, da gani aro ta yi don ranar hoto. Da na faɗa, kika yi dariya kika ce, "Kai Bamalli, idon nan naka ba ya barci." Wallahi dariyar nan ta fi mini sanyin ruwan randa da tsakar rana.

Wayyo, ga shi idon ya gyangyaɗa! Kin san yadda muke aiki, firam yana nan a haɗe, hoto ne ke bin sa. In ya yi faɗi, a ɗora rula, a ja reza, a rage gefe. Hoton biki, hoton suna, haka nake yi kullum, ba wanda ya taɓa zuwa neman rabin kujera ko gwiwar hannun wani. Na kife hotonki na auna ta baya, hannuna ya yi abin da ya saba. Da kika ɗaga shi ran Talata, budurwar ba ta nan. Hannunta kaɗai ya rage a kafaɗar ƙawarta, hannu ba mai shi. Kika dube ni kika ce, "Kai ma ka fitar da ita."

Ebuka mai sayar da gilashi a gefena ya ce, "Haba oga, ai kwafi ne, a sake bugawa shi ke nan." Gaskiya ya faɗa, amma na san ba takarda ce ta sa idonki ya yi ja ba.

Hasken zuciyata, bari in gaya miki abin da ke cina. Ni ma mutumin gefe ne. Dubi hoton walimar yayarki, can ƙarshe na tsaya bayan masu digiri, rabin kafaɗata a waje. Yayanki Nasiruddeen bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni inda na tsaya a karatu, kamar ya manta amsar. Yanzu kuma ana batun za ki fita waje ƙaro ilimi. Ranar da rayuwarki ta yi faɗi, aka ce sai an rage gefe, wa za a rage? Ni ne? Ashe ba sai da mugunta ake fitar da mutum ba, hannun da ya saba ma ya isa. Da hannuna na koyi wannan, shi ya sa tsoro ya kama ni.

Ban zauna ba. Na bi sharar shago har bola bayan kasuwa, na tsugunna ina tona, masu dako na ta yi mini dariya, har na sami budurwar a gefen hoton da na yanke, manne da ɓawon lemo. Na goge ta a hankali, na mayar da ita jikin hannunta. Na yanko sabon katako na yi firam daidai faɗin hoton, kowa ya shiga. Layin rezar yana nan, ban ɓoye shi ba, don ba ni da ikon cewa abin bai faru ba. In sabon kwafi kike so zan sa a buga, amma don Allah ki zo ki ga wannan tukuna.

Ba zan ce kada ki tafi karatu ba, furen zuciyata. Ki je, ki ɗebo, ki dawo ki zauna kan bencin nan ki sake buɗe mini taga. Roƙona ɗaya ne, ki bar mini wuri, ko a gefen ne. Zan jira ki damina da rani, ba zan kalli wata ba, ba zan gaji ba.

Naki har ranar da ƙasa za ta rufe min ido,
Bamalli

Kada ki ce idona ne ya yaudare ni, ba ni kaɗai na ga waiwayen nan ba. Ebuka ya gani yana tsaye da gilashi a hannu. Debora mai ƙosai ma ta gani, har ƙosanta ya ƙone tana kallonki.