Sai Keken Uwarku Ya Tsaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, babu wanda ya tilasta ni. Ciwo ya ci ƙafa ya ci ƙirji, amma bai taɓa kai ba, don haka kada wani ya ce tsoho sambatu yake yi.

1. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah Ya ce, ba ni da ta cewa. Kayan sana'a kuwa na riga na kyautar tun ina da rai, a gaban baffanku. Kai Injiniya, babban ɗana, kyamarori da fitilu da koren labulen nan da kake ji da shi naka ne. Ke Almakashi, ɗakin tace fim da kwamfutocinsa naki ne. Da gangan na yi haka. Mai ɗauka ba shi da wurin haɗawa, mai haɗawa ba ta da abin ɗauka. In kuka rabu, kowa ya tashi a tutar babu.

2. Fim ɗina na ƙarshe, na tsohon direban da ɗansa ya bar gida cikin fushi, saura fitowa ɗaya a gama shi. A kanta kuka daina gaisawa. Ina kwance ina kallonku, ɗaya ya shigo dubiya ɗaya ya fice, kuma wallahi wannan ya fi ciwon ci mini rai. Kai kana so gada ta karye, mota ta kama da wuta, ɗan ya ciro ubansa daga hayaƙi, duk a kwamfuta. Ke kina so ɗan ya dawo ya tarar da tsohon yana wanke mota, ya karɓi soson daga hannunsa kawai. Kin kira aikinsa wasan yara a gaban ma'aikata, shi kuma ya ce fim ɗinki maganin barci ne. Duk kun yi wauta.

Kun taso kun ga yadda nake aiki, ba ku dai kula ba ne. Ban taɓa kunna kyamara ba sai na ja kujera kusa da uwarku tana ɗinki, na ba ta labarin da baki. In ƙafarta na ta taka keke, labarin bai nuna ba, sai in koma in sake. In ƙarar keken ta ɗauke, ta juyo tana tambaya sai aka yi yaya, to ranar nake kiran 'yan wasa. Fim ɗin malamin makarantar nan a ɗakin aro muka yi shi, da fitila ɗaya da ke ɗaukewa. Har yau akwai mai kayan miyar da ba ta sayar mini, wai ni na kashe malam. Waɗanda suka yi fito suka tafa wa fashewar jirgi a fim ɗin wasu, kafin su kai bakin titi sun manta wanda ke cikin jirgin.

3. Ga hukuncina. Ku je wurin uwarku tare, kowa ya ba ta ƙarshensa da baki, ba waya, ba hoto, ba kiɗa. Wanda ya tsayar da keke, nasa za a ɗauka, ɗayan kuma ya yi masa aiki da zuciya ɗaya. Na san wanda zai ci, amma bakina alaikum.

Injiniya, ban raina gwanintarka ba, hannunka ya fi nawa nesa ba kusa ba. Wutarka gishiri ce, kuma ba a cin gishiri zalla. Kafin ka ƙona mota, ka sa mai kallo ya damu da wanda ke cikinta. Ke kuma kada ki ɗauka duk inda aka yi shiru an yi hikima. Sannan yayanki ne, ke za ki fara zuwa ki ba shi haƙuri, shi kuma ya karɓa ba tare da dogon wa'azi ba, na san halinsa.

4. Ku riƙe uwarku da kyau. Kada wani mai neman albarka ya saya mata keken lantarki, zai lalata mana ma'auni.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku biyayya, Ya rufa muku asiri. Ku riƙe zumunci, ƙofar kowannenku ta zama a buɗe ga ɗan'uwansa. Na yi shekara da shekaru ina sulhunta mutanen da na ƙirƙira, 'yan kallo na share hawaye. Kada ku bari a zo gaisuwata a tarar da 'ya'yan da na haifa suna zaune a tabarma biyu.