Dirkar da Ta Yi Ganye a Ƙofar Gidanmu

Yako, ƙasar Kiru,
Watan Rajab, 1956.

Zuwa ga ɗana Bala, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidanka da duk waɗanda kuke cin tuwo tare. Allah Ya tsare ka daga sharrin baƙunta, Ya raba ka da zazzaɓin kurmi, Ya sa albarka a cikin abin da kake nema. Malam Sale ne yake riƙe da alƙalami, amma bakina ne, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana ko guda, yadda ta fito haka zai zuba ta. Idan ka ji ta da tsawo, laifina ne, shi tun ɗazu yake kallon tawadarsa.

Mu nan lafiya, sai ƙafar nan tawa ta hagu da ka sani, wadda ba ta gaisawa da sanyin asuba. Goro da turmin atamfa da ka aiko na ta'aziyyar mahaifinka sun iso ta hannun fatake. Na raba goron gida-gida, kowa ya sa maka albarka, atamfar kuwa tana ƙasan adudu, ban sami ranar ɗaura ta ba tukuna. Yayarka Zuwaira ta sauka lafiya a Tudun Wada, an sami namiji, an mayar masa da sunan marigayi. Ka ga ni ke nan ba ni da bakin kiransa, sai dai in ce angona. Dawa ta yi kyau bana, gero ne tsuntsu ya yi mana ɓarna a gefen fadama. Abin da ya shiga rumbu zai kai ni wata kakar in Allah Ya yarda, don baki ɗaya ba ya cin abin kirki.

To, abin da ya sa na tayar da Malam Sale daga karatunsa, maganar filin ƙofar gida ce. Ka san wurin, tsakanin katangarmu da hanya, inda turken jakinmu Auraki yake. Kana goye a bayana lokacin da tsohon mai unguwa ya taka shi da ƙafarsa ya ba mahaifinka, a gaban liman, aka aje duwatsu a kusurwa. Mahaifinka da kansa ya je daji ya saro ƙirya ya kafa turken nan, jakuna sun zo sun wuce a kansa, ko gara ba ta taɓa shi ba. Da Allah Ya yi masa rasuwa bayan ƙaramar Sallah na shiga takaba, babu mai yanko wa jaki ciyawa, sai amininsa Hamman ya zo daga rugarsu ta wajen Ba'awa ya ce in ba shi Auraki ya riƙe mini har in fita. Na gode masa, ya ja shi ya tafi. Turke ya zauna babu kowa, ni kuma ina ɗaki, ko zaure ba na leƙawa.

Ba a jima ba na fara jin kukan jaki a bayan katanga da sassafe. Na san ba muryar Auraki ba ce, shi nasa kukan yana ƙarewa kamar mai tari. Da Suwaiba matar maƙwabcinmu Ubale ta kawo mini tuwo na tambaye ta, ta ce ai maigidanta ne ya sayi baƙin jaki a kasuwar Kiru, ƙofar gidansu kuwa hanyar ruwa ce, shi ne ya ɗan ɗaure shi a turkenmu kafin ya gyara wuri. Ta ce ya so ya yi mini magana, sai ya ga bai kamata a dami mai takaba da zancen jaki ba. Bala, ina riƙe da kwanon tuwonsu a hannuna take gaya mini wannan. Ubalen nan shi ya shiga kabarin mahaifinka ya karɓe shi, shi ya tara gayya aka nome mini gona har sau biyu, bai sha ko ruwan gidana ba. Ka gaya mini da wane baki zan ce a kwance jaki. Na ce babu komai, Allah Ya sa ya yi albarka, na ci tuwona.

Da ruwa ya kankama sai na ji sara da haƙa a wajen. Suwaiba ta ce rumfa ce yake yi wa jakin don kada ruwa ya dame shi, 'yar ƙarama, ta damina kawai. Nan ma na ce babu komai. An ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to bangon gidan nan ya tsage tun ranar da aka fita da mahaifinka.

Ranar da na fita takaba na yi wanka na saka tsofaffin kayana, na ce bari in ga ƙofar gidana. Turken mahaifinka yana nan, da igiyar wani a wuyansa. Rumfa tana nan, dirkokinta busassu, sai guda ɗaya, wadda take daidai kusurwar katangarmu, doguwa mai kauri kamar cinyar mutum. Na ɗaga kai na ga ganye a samanta, kore shar, inda bakin jaki ba ya kaiwa. Ɗanyar ceɗiya ce ya saro ya kafa. Na daɗe a tsaye ina kallonta, har mata masu wucewa rijiya suka zaci marigayi nake tunawa, suka yi ta ba ni haƙuri.

Kai ka bar gida da ƙuruciya, wataƙila ka manta yadda abin yake a nan. Dirka busasshiya kayan aro ce, yau a kafa gobe a tuge. Amma abin da ya yi saiwa ya zama shuka, shuka kuwa a wurin dattawanmu ta mai shuka ce, shi da 'ya'yansa, da inuwarta da abin da aka ɗaure a gindinta. Da na aika masa, Ubale ya ce wallahi itacen da ya samu kusa ne ya sara, bai san zai kama ba. Mutumin da ya yi furfura a gona, shi ne bai san halin ceɗiya ba. Na so in yarda da shi, don yarda ta fi sauƙi. Amma tun da rani ya shigo, kullum da safe ina jin ana juye ƙwaryar ruwa a bayan katangata. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an yi wa dirka ban-ruwa ba.

Hamman ya dawo da Auraki bayan an gama girbi, ya yi ƙiba har ban gane shi ba. Ya gwada ɗaure shi kusa da baƙin, kafin ya juya baya sun kama juna da cizo, da ƙyar aka raba su, kunnen Auraki har yau da tabo. Ubale ya fito ya yi ta ba da haƙuri, ya ce a ba shi zuwa kasuwa mai zuwa zai kwance nasa. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta ci, sai ya ce zuwa a gama sussuka. Yanzu an gama sussuka har kaji sun gama tsince masussuka. Duk lokacin da muka haɗu yana durƙusawa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya ce yana sane da maganar nan. Na gaji da jin yana sane.

Saboda haka Auraki yana tsakar gida tare da ni. Ta zaure ake shigo da shi, ya goge mana shafen bango duka gefe biyu. Ya fasa randar da na zo da ita gidan nan ina amarya. Idan na shanya kalwa sai in zauna gadinta da sanda kamar mai korar tsuntsu a gona, kuma mata sun fara cewa daddawata tana warin jaki, wasu sun koma saye a gidan liman. Sau nawa na ce in sayar da shi in huta, sai in tuna shi ke kai mini taki gona, shi ake haya ran kasuwa in sami na gishiri da kanwa, kuma shi kaɗai ya rage a gidan nan da yake ɗaga kai idan an taɓa ƙofar zaure da la'asar, lokacin da mahaifinka ya saba dawowa.

Da abin ya ishe ni na yafa mayafi na je wurin mai unguwa na yanzu, ɗan wancan da ya ba mu filin. Hamman ya raka ni, aka kira Ubale. Ban yi masa ƙarya ba, na faɗi alherinsa kaf kafin in faɗi kukana. Mai unguwa ya ce fili na gidanmu ne, duwatsu suna nan, babu mai musu. Amma ya ce itace mai rai ba ya sa a tuge shi a kan maganar da mai fili bai yi da bakinsa ba, mai fili kuwa yanzu kai ne. Ya ce ceɗiya mai damina ɗaya ana iya haƙe ta a mayar wani wuri ta rayu, idan ka zo ka tsaya a kan filin ubanka kafin ruwan fari ya sauka, Ubale zai haƙe abarsa ya kwance jakinsa a ranar. Idan kuwa ta sha damina ta biyu, ta zama bishiya, shi ba zai zama mai unguwar da aka sare inuwa a bakin hanya da izininsa ba. Na ce to idan ka aiko da takarda fa. Ya ce takarda ba ta ɗaure jaki.

A nan ne Ubale ya yi maganar da ta hana ni cin abinci ran nan. Bai ɗaga murya ba, kansa a ƙasa. Ya ce shi ba ƙwace ya yi niyya ba, ya ga wuri ne zai zauna a banza, don fataken da suka kawo goro sun gaya wa mutane a masallaci cewa ka yi aure a Kumasi, har maigidanka ya yanka maka ɗaki a gidansa, ba ka da niyyar dawowa. Ya ce ya zaci na sani. Hamman ya dubi ƙasa, na gane ashe duk garin an sani, ni kaɗai ce ban ji ba. Na ce musu ai na sani, kai ka aiko mini. Allah Ya yafe mini wannan, ban iya barin a ga tsiraicinmu a gaban mutane ba.

Ban rubuto don in yi maka faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Idan gaskiya ne ka yi aure, Allah Ya sanya alheri, Ya ba ku zuriya ɗayyiba, ka gaya mini sunanta da na iyayenta in san wadda zan sa a addu'a. Atamfar nan da ke ƙasan adudu sai in aje mata. Idan kuma zancen fatake ne kawai, to ka san bakin mutane. Ubale ma ba na so ka riƙe shi a zuci, maƙwabci ne, shi zai fara jin kukana idan wani abu ya same ni da dare, kuma ina jin shi zai karɓe ni a kabari kamar yadda ya karɓi mahaifinka. Abin da nake so ka sani shi ne azumi ya ƙarato, bayan Sallah kuwa hadari ba ya daɗewa bai haɗu ba.

Ni filin nan ba zai ƙare ni da komai ba, Bala, kwana nawa ya rage mini ina jan jaki. Na ce ne ko wata rana za ka so wurin da za ka ɗaure naka, a inda ubanka ya ɗaure nasa. Kullum na fita ina duban ceɗiyar nan, ta ƙara reshe, har yara sun fara zama a 'yar inuwarta. Na ga abin da ɗanyen itace ya yi a damina ɗaya tak, don kawai an kafa shi a ƙasar da ba tasa ba an bar shi ba a motsa ba. Kai kuwa wannan damina mai zuwa ita ce ta shida da za ka sha a Kumasi, kuma ga shi an ce an sami mai zuba maka ruwa. Wannan ne tsorona, ba jakin Ubale ba. Idan har ka kama a can, ka faɗa mini da bakinka, in sayar wa Hamman da Auraki, in ce wa Ubale ya bar abarsa ta girma, ni ma in riƙa shan inuwar.

Zuwaira da mijinta Sani suna gaishe ka, ta ce angona ya ɗauko goshinka. Kawunka Gwadabe na Doguwa ya zo ta'aziyya ya tambaye ka, gwaggonka Maijidda ta ce ka tuna da ita da ɗan goro fari. Hamman yana gaishe ka, liman yana sa maka albarka, Malam Sale ma ya ce in sa tasa gaisuwar tun da shi ya sha wahalar. Suwaiba ta ji ana rubutu ta leƙo ta katanga ta ce a gaishe ka, ita da maigidanta. Ka gaishe mini da maigidanka da iyalinsa, da wadda ban san sunanta ba, idan akwai ta.

Turken ƙirya yana nan inda mahaifinka ya kafa shi, shi dai bai yi ganye ba, bai kuma gusa ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri kafin ruwa ya sauka. Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Furera.