Rasuwar Injiniya Isyaku Surajo, Wanda Ya Haɗa Rassanmu da Waya Ɗaya

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Shugaban Hukumar Daraktoci, Alhaji Dikko Burumburum, da Babban Manaja da ɗaukacin ma'aikatan Kamfanin Rumbun Kudu, masu sayen hatsi da rarraba irin shuka, suna sanar da jama'a rasuwar Shugaban Sashen Kwamfuta na kamfanin, Injiniya Alhaji Isyaku Surajo Bebeji, wanda Allah Ya karɓi ransa da safiyar Talata, 2 ga Rajab 1420, daidai da 12 ga Oktoba 1999, a gidansa da ke Bebeji, bayan jinya ta kwana tara. Ya rasu yana da shekara arba'in da shida. An yi jana'izarsa bayan sallar azahar a ranar.

Marigayin ya kama aiki da mu a 1987 a matsayin mai kula da rediyon oba-oba da ke haɗa hedikwatarmu ta Kwanar Dangora da rassanmu na Bagauda, Tudun Wada da Doguwa. Ya fi kowa sanin raunin na'urar: idan babu kowa kusa da ita lokacin da aka kira, maganar ta tafi a iska. Takarda kuwa sai direba ya samu lodi. A damunar 1996 mahaifiyar mai kula da sitonmu na Doguwa, Malam Buba Jauro, ta rasu a rugarsu da ke kusa da Kiru. An kira Doguwa sau uku ba a samu kowa ba, aka rubuta takarda, takardar ta kwana biyu a aljihun direba. Malam Buba ya iso ranar sadakar uku. Marigayin ne ya raka shi maƙabarta, kuma a makon ya kawo wa hukuma shawarar a kafa hanyar sadarwa ta cikin gida.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, tsarin shi ne kwamfuta guda babba a hedikwata, wadda ke riƙe da shafukan kamfani, sauran kwamfutoci kuma su riƙa leƙa ta. Ba ta haɗe da duniyar waje. Ma'aikacinmu ne kaɗai ke shiga, da sunansa da kalmar sirrinsa. Saƙo yana zaune a kai har mai shi ya zo ya karanta. Kafa wannan tsari ya ci wata goma sha huɗu. Wayoyin da aka fara ja a hedikwata ɓerayen sito sun cinye su cikin mako shida, sai Injiniya ya sake ja da hannunsa, wannan karon cikin bututun ƙarfe. Rassa ba su da layin tarho, don haka ya ɗora saƙon a kan rediyo, ya kafa eriya a bisa tankin ruwan Bagauda. Da duwatsu suka tare hanyar Doguwa, ya nemi izinin mai gari ya kafa wata a kan tudu a Burumburum domin ta karɓa ta miƙa. Kowane reshe ya ajiye masa batirin mota biyu saboda ɗaukewar wuta. Ma'aikata suka raɗa wa abin suna Allo, sunan ya bi shi har cikin takardun ofis.

A kan Allon ne rassanmu ke ganin jadawalin motoci da yawan buhunan da ke kowane sito da odar irin shuka. Amma shafin farko, wanda ke buɗewa kafin komai, na sanarwar rasuwa ne, kuma marigayin ya yi masa ƙa'ida ta daban. Kowace sanarwar kamfani sai Babban Manaja ya sa hannu. Wannan kuwa ko mai gadi ne ya kawo labari, a hau da shi nan take, a kuma buga ƙararrawar sito a kowane reshe. Ya koya wa Malama Saude Mairama, wadda ta shekara ashirin tana buga mana takardu, yadda ake yi, ya ba ta mabuɗin shafin.

Gaskiya ta wajabta mu faɗi abin da ya biyo baya. A watan Yulin bana an hau da sanarwar rasuwar wani dattijo a Tudun Wada, uban ɗaya daga cikin direbobinmu. Ashe suma ya yi. Motoci biyu cike da masu ta'aziyya suka same shi zaune a zaure yana shan fura, har yana tambayar su wa ya rasu. Hukuma ta ga abin kunya ne ga kamfani, ta zartar cewa daga ranar ba a sake hawa da sanarwar rasuwa sai da sa hannun Babban Manaja. Marigayin ya yi jayayya a zaman, kuma kalmominsa suna cikin rahoton taron: “Ranka ya daɗe, Baba ya yafe mana, har fura ya ba mu. Amma Buba, wa zai mayar masa da ranar nan? A bar mu mu riƙa jin kunya, kada a bar mutum ya rasa sallar uwarsa.” Ba a karɓi maganarsa ba. Ya bi umarni, ya rubuta sabuwar dokar a Allo da hannunsa.

A ranar Talata labarin rasuwarsa ya iso hedikwata da ƙarfe tara da kwata. Babban Manaja yana Kano, ba a sa ran dawowarsa sai la'asar. Daga Doguwa zuwa Bebeji tafiyar kusan awa uku ce a motar sito, jana'iza kuma ba ta jiran kowa. Malama Saude ta hau da sanarwar ba tare da sa hannun kowa ba, sannan ta rubuta wa Babban Manaja layi biyu ta ajiye a teburinsa: “Na karya doka da sanina. Idan takardar tuhuma ce, a bari sai mun dawo daga Bebeji.” Kafin ƙarfe goma an buga ƙararrawa a rassa uku. Ma'aikata goma sha ɗaya suka taso daga Doguwa, suka iso ana daidaita sahu. Malam Buba Jauro yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Hukumar Daraktoci ta zauna ranar Alhamis, kuma ta umarce ni in sanar da abu uku. Ta soke dokar watan Yuli, ta mayar da ƙa'idar marigayin yadda ya kafa ta. Babu wata tuhuma a kan Malama Saude Mairama, kuma ita za ta ci gaba da riƙe mabuɗin shafin. Hukuma ta kuma amince cewa a zaman Yuli marigayin ne ya yi daidai, tana kuma baƙin cikin cewa ba ta faɗa masa haka yana raye ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, Hajiya Tasalla, da maiɗakinsa, Hajiya Barakatu, da 'ya'yansa shida, da 'yan'uwa da abokan arziki, da al'ummar Bebeji baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa duk sallar gawa da wani ya samu ta dalilin aikinsa ta shiga mizaninsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, Ya raya abin da ya bari, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, labari kuma ya isa ga namu a kan lokaci.

Malam Inusa Kiru
Jami'in Hulɗa da Jama'a
Kamfanin Rumbun Kudu, Kwanar Dangora
15 ga Oktoba, 1999