Ni na canza tsarin lori, amma ƙanwata za a kora

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe, domin duk abin da za ku ce mini na riga na faɗa wa kaina.

Ni 'yar zangon Salaga ce, amma a Yendi nake aiki, a wani kamfani mai yin sabulu da man girki, wanda yake da shagunan sari a garuruwa da dama. Aikina nazari ne. Ni ke duba wane shago ke tafiya, wane ke ja da baya, me manyan kamfanonin Kumasi da Accra suke yi da ya kamata mu kwaikwaya. Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji, ba ya yanke shawara sai ya ce a kira ni. Ina son wannan kiran, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira ta Memuna. Ni na goya ta, ni na koya mata lissafi, ni na roƙa mata aiki har aka ba ta shagon Bawku, wanda a lokacin kowa ke gudu. To, yarinyar nan ta tayar da shi. Kasuwar Bawku ba ta bin mako, duk bayan kwana uku take ci, kuma 'yan sari daga Burkina da Togo ranar kasuwa suke shigowa su loda su koma. Sai ta shirya da ƙaramar lori tana kai mata kaya ana gobe kasuwa, duk wanda ya zo ya tarar da sito cike. Kafin a ce me, Bawku ta wuce kowane shago.

Ranar da abin ya fara cina, a mitin ne. Na gama bayanin da na sha wahalar shiryawa, Alhaji ya gyaɗa kai kawai, sannan ya nuna Memuna ya ce da Hausarsa: "Wannan yarinya ya san kasuwa. Ku duka ku je Bawku ku koya." Aka yi tafi. Ni ma na tafa, amma wallahi ji na yi kamar na haɗiyi garwashi. Ni zan je in koya wurin wadda na share wa majina? Da muka je Salaga da salla, Mma, mahaifiyarmu, duk baƙon da ya shigo sai ta ce, "Ga Memuna ta Bawku." Ni fa? Ni ce babba, mai zuba wa baƙi ruwa.

Daga nan na kawo wa Alhaji sabon tsari. Na ce manyan kamfanoni ba sa yawo da ƙananan motoci, babbar lori ɗaya ce ke zagaya shaguna sau ɗaya a mako, a rage mai, a rage direbobi. Maganar gaskiya ce, kuma a Salaga da Yendi ta yi amfani sosai. Amma na san abin da ban faɗa ba. Na san siton Bawku ƙarami ne, ba zai ɗauki kayan mako guda ba. Na san za a kwashe kayan a kasuwar farko, a kasuwa ta biyu kuma baƙi su tarar da kantar shago babu komai. Na sani sarai. Na ma yi niyyar cewa a ware Bawku daga tsarin, sai na tuna tafin nan, na fasa. Alhaji ya yaba mini a gaban kowa, kuma ya yi mini daɗi, Allah ya yafe mini.

Abin da na hango shi ya faru. Ɗan sarin da ya tsallako iyaka ya tarar babu kaya sau ɗaya, sau biyu, ai ba zai yi na uku ba, sai ya koma wurin wani. Memuna ta kira ni ta ce, "Yaya, ni dai ina ganin lorin nan ce. Mutanena suna zuwa ba kaya." Kun san me na ce mata? Na ce, "Lori ɗaya ce ke kai wa kowa, me ya sa ke kaɗai kike kuka? Ki duba kanki, Memuna. Yabo ya yi miki yawa kin saki aiki." Sai ta ce, "To Yaya, tunda ke kika faɗa." Ba ta sake ambatar lori ba, ko a gaban Alhaji. Da wani ne ya faɗa mata haka, da ta yi masa kaca-kaca, don ba ta da sanyin baki. Amma ni ce, sai ta yarda.

Tun daga nan take neman laifin a jikinta. Ta canza jerin kaya, ta sallami mai gadi, ta daina zuwa gida hutu. Da na gan ta kwanan baya ta rame, zobenta har juyawa yake a yatsa. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ke kin iya gano ciwon kamfani, ki gano mini nawa. Ko da ni ce matsalar, ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba." Na ce mata zan duba. Me zan duba? Ni da na san amsar tun kafin a yi tambayar?

Yanzu Alhaji ya kira ni ofis ya ce, "Bawku ya lalace. Ko mutum ne, ko tsari ne. Ke za ki gaya mini ranar Juma'a bayan masallaci. In mutum ne, zan cire shi, ba ruwana da 'yar'uwanki ne." Mma kuma ta bugo waya tana cewa in riƙe ƙanwata, wai ta san ba zan bari a wulaƙanta ta ba ina wurin.

In na ce tsari ne, Alhaji ba yaro ba ne. Zai tambaye ni yaya aka yi mai nazari kamata ba ta san girman siton Bawku ba, alhali ni na je na duba shi lokacin da za a kama haya. Ko in ce ban iya aikina ba, ko in ce da gangan na yi. In kuwa na ce mutum ne, Memuna za ta kwashe kayanta ta koma Salaga, ta zauna tana ganin ita ce ta gaza, kuma na san sai ta gode mini da na yi ƙoƙari.

Abin da ya fi ba ni kunya ban ma faɗa ba tukuna. Har yanzu kishin bai mutu ba. In na tuna cewa da lori ta koma yadda take a da, Bawku za ta sake tashi, a sake yi mata tafi, sai in ji ba na so. Ina son ƙanwata, wallahi ina son ta, amma na fi samun sauƙin son ta tana ƙasa da ni. Wace irin yaya ce wannan?

Juma'a ta kusa, kuma Memuna ta ce za ta taho daga Bawku ta zauna kusa da ni a mitin, wai in ina gefenta ba ta jin tsoro. Jama'a, me zan yi?