Inna Ta Sa An Binciki Asalin Makaranta

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Kara-Kara. Ya jikin maigida, ya yara, ya zafin Agadas? Mu lafiya lau.

Tunda aikin asibiti ya hana ni zaman aji, na samo wata iniwasite mai ba da lisans, wato digirin shekara uku, ta intanet, har na haɗa dosiyen takardun neman shiga. Inna ta ce, "Wa ya san asalinta? Mijinki ma sai da muka bincika."

Na je ma'aikatar ilimi, ashe ba su san difulom ɗinta ba! Wadda na zaɓa yanzu, sai da na ga mutum biyu da suka gama, aka ƙara musu girma. Inna ta ce, "To, a ɗaura."

Ki gaida kowa. Ki yi mini addu'a auren nan ya kai shekara uku.

Ƙanwarki,
Rabi