Lallen Inna a Bokitin Fenti

Badarawa, Kaduna
12 ga Yuni

Gwaggona Talatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya damina a Malumfashi?

Gwaggo, kunya ce ta hana ni rubuto miki. Rassan lallen nan uku da kika yanko mini kafin su Yaya su sare bishiyar marigayiya Inna su gina shago, biyu sun mutu. Ni na kashe su, kuma so ne ya jawo. Na dasa su a bokitin fenti na ajiye a wurin alwala, don na ga haka Inna take yi. Na manta nata a ƙasa yake, ruwa na wucewa. Bokitina kuwa ko huda ɗaya babu, ga mu mutum shida, kowa salla biyar. Da ganye ya yi rawaya sai na ce yunwa ce, na ɗebo ɗanyen kashin kaji na ƙara musu.

Maigidana, Baban Aminatu, har da ƙwalla don dariya. Ya ce damina na ɗaukewa zai shafe tsakar gida da siminti, tunda hannuna ba na shuka ba ne. Ni kuwa kuka na yi, don in na ukun ya tafi, lallen Inna ya ƙare a duniya.

Jiya na rungumi bokitin a Keke Napep na kai wa Malam Ila, mai sayar da furanni a bakin titin Unguwar Rimi. Ya sansana ƙasar ya yamutsa fuska, ya yanke ruɓaɓɓiyar saiwar. Ya sa na huda gindin bokitin da ƙusa, muka haɗa ƙasa da yashi da busasshen taki. Ya ce kada in ba shi ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe, kuma da safe ko da yamma. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Shamsiyya

20 ga Nuwamba

Gwaggona,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida.

Albishirinki! Ya rayu! Sati uku ina kallon sanda tsirara, hannuna na ƙaiƙayin buta ina hana shi, sai ga toho. A watan Agusta na mayar da shi ƙasa, jikin katangar da ranar safe ke samu. Ina tsinke kan kowane reshe yadda Malam Ila ya nuna mini, shi ya sa ya yi cunkus, yanzu ya kai ƙuguna.

Magina sun zo makon jiya. Ina daga kicin na hango Baban Aminatu yana zana musu da'ira da ƙafarsa, yana gargaɗin kada siminti ya kusanci lallen matarsa. Ranar sau biyu na ƙara masa nama.

Na tsinki ganyen, na shanya a inuwa, na daka, na ƙunsa wa Aminatu. Da muka kwance, jan nan ne sak na tafin Inna. Na daɗe riƙe da hannun yarinyar ina hawaye.

Maliki direba zai kawo miki ƙullin garin, da rassa uku a jiƙaƙƙen tsumma. Lallen Inna ya dawo gida. Don Allah, Gwaggo, ki huda bokitin.

'Yarki,
Shamsiyya