Yagaggen Kunnen da Ba Wanda Ya Faɗa Mini

Tanti Zubaida, ina gaishe ki da aiki. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki ɓoye sunana, don garinmu ƙarami ne, in ka yi tari a bakin kasuwa sai an yi maka sannu a bayan gari. Abin da zan faɗa miki ko mijina bai sani ba, ga shi abin yana neman hana ni cin tuwo.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Mayahi, Kirista, da aurena da yarana. Tun ina ƙarama Allah ya ba ni ɗan hannun zane. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, daga kiriyon, wato fensir, sai farar takarda. Wata ƙawata ce ta sa hoton da na zana mata a Facebook, daga nan mutane suka fara turo mini hotuna ta WhatsApp in zana musu. Amarya da ango, jariri, har wani ya taɓa turo ragonsa na layya. In na gama sai in ɗauka da waya in tura, mai son takardar kuma in ba direba ya kai masa. Abin da ake samu bai wuce na sabulu da kiredin waya ba, amma ina jin daɗinsa.

Sannu a hankali aka fara kawo mini wani irin aiki, wato zanen mamatan da ba su bar hoto ba. Kin san ƙauyukanmu, da yawa sun tafi ba su taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Sai dangi su turo mini bokal, saƙon murya, suna kwatanta mutumin. To Tanti, kwatance ba ya isa a zana fuska. In an ce dogo ne, siriri, mai dogon hanci, ai rabin mazan ƙauyukanmu ke nan. Don haka nake cike giɓin da aro: goshin wannan, haɓar wancan, daga mutanen da nake gani a hanya. Ban taɓa faɗa wa masu ba ni aiki ba, kuma ba wanda ya taɓa kuka.

Ana nan sai wata mai suna Sa'a ta neme ni. 'Yar makiyaya ce daga wajen Issawane, nan kusa da Mayahi, tana aure a Maradi. Yayanta Ishaƙu take son in zana. Shekarar da fari ya cinye musu shanu ya bi masu tafiya Aljeriya neman abin rufin asiri, abokan tafiyarsa suka dawo suka ce ƙishirwa ta kashe shi a hanya, kuma da hannunsu suka rufe shi. An yi sadaka, matarsa Rukaiya ta yi takaba, daga baya ta auri ɗan kawunsa Abdulƙarim, yanzu har da 'ya'ya tsakaninsu. Sa'a ta ce Innarsu ta tsufa, kullum kukanta shi ne fuskar ɗanta ta fara ɓace mata a zuciya. Na ji tausayi, na karɓa.

Aikin ya ƙi ni. Na zana na goge har takarda ta yi laushi. Cikin haka na je Tasawa duba ƙanwata da ta haihu, da dawowa na zauna a rumfar wani mai shayi a tasha, ana ce masa Na Allah, ina jiran motar Mayahi ta cika. Rana tsaka ce, zafin bazara, kowa ya yi laƙwas. Na ciro takardar don kashe lokaci. Da na ɗaga kai sai ga wani mutum zaune a kan benci jikin bango, daura da ni. Rawaninsa shuɗi ne da ya koɗe, babu jaka babu sanda. Bai sha shayi ba, bai yi magana da kowa ba. Ƙudaje sun dami kowa a rumfar nan, shi ban ga ya ɗaga hannu ya kori ko ɗaya ba.

Ni da na saba satar kallo, wannan karon ba sai na sata ba. Ya tsaya cak yana fuskantata kamar wanda ya zo a ɗauke shi hoto. Can sai ya sa hannu ya ture rawanin baya, ya juya kansa a hankali. Kunnensa na hagu a yage yake daga sama, tsohon rauni ne da ya warke tuntuni. Tanti, ni hanci kawai na yi niyyar ara, amma hannuna bai tsaya ba sai da ya kwashe fuskar gaba ɗaya, har da kunnen. Ɗan kamasho ya yi kira mota ta cika, na sunkuya ɗaukar jakata, ina ɗagowa babu kowa a wurin. Ban kawo komai a raina ba, tasha ce, ana shiga ana fita.

Na gyara zanen na tura wa Sa'a, ta tafi da wayar har Issawane. Bokal ɗin da ta dawo mini da shi, kuka ya fi magana yawa a ciki. Ta ce Inna ta ɗora yatsa a kan kunnen, ta ce bijimi ne ya yi masa haka yana yaro, kuma kunyar abin ta sa kullum yake rufe shi da rawani. Sa'a kanta ba ta san da shi ba, don ya ba ta shekaru da yawa. Wallahi ina sauraro tsigar jikina tana tashi, da rana kata, ina tsaye a filin lakwal yara suna ihu kewaye da ni.

Na kasa haƙuri na koma Tasawa na nuna wa Na Allah zanen. Ya tuna da ni sarai, amma ya ce bai san fuskar ba. Ya ce bencin nan ƙafarsa ta karye tun kafin azumi, ba mai zama kansa, kuma ranar har ya yi mamakin yadda na ƙura wa bango ido. Na je na duba, ƙafa uku gare shi. Akwai dai wani bulo yashe a gefensa, wanda za a iya tokare shi da shi, amma ban tuna ko ranar yana ƙarƙashi ba.

Tun daga nan ban huta ba. Sa'a ta sa zanen a wayarta kowa ya gani, yanzu saƙonni sai shigowa suke, wai ni ce malamar da ake nuna wa matattu. Ni da nake cikin mawaƙan majami'a, in maganar nan ta kai kunnen fasto ina zan sa kaina? Inna ta aiko mini da ƙwaryar man shanu, ta ce ranar kasuwar Mayahi mai zuwa za ta zo ta riƙe hannun da ya dawo mata da ɗanta. Man yana nan, na kasa buɗe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, wani bokal ne daga lambar da ban sani ba. Ana jin numfashi da kukan jariri a ciki. Can wata murya ta ce ita ce Rukaiya, kuma tambaya ɗaya gare ta: a mafarki na gan shi, ko da idona? Ta san na saurara, wayar ta nuna mata, amma har yau ban amsa ba.

Tanti, in na ce da idona, na jefa wuta a gidan matar da ba ta yi laifin komai ba, kuma kan mutumin da mai shayi ya ce babu shi. In na ce mafarki, na yi ƙarya, wataƙila kuma na rufe rayayye karo na biyu uwarsa tana da rai. Tsoro nake ji, ko fuskar yarana na kasa zanawa. Me zan faɗa musu?

Mai Kiriyon, daga Mayahi

*

'Yata Mai Kiriyon, sannu da wannan nauyi. Fara da buɗe man shanun nan ki sa wa yara a tuwo, kyautar tsohuwa ce, ba abin da ke cikinsa sai alheri. Sannan ki zaunar da mijinki yau ki faɗa masa komai. Rabin tsoron nan kaɗaici ne.

Ba zan ce miki na san wanda kika gani ba, don ban sani ba. Amma mu auna. Yagaggen kunne ba baƙon abu ba ne wurin waɗanda suka tashi cikin ƙahonin shanu, kuma idon uwar da ta shekara tana kuka yana saurin ganin abin da yake nema. Mai shayi kuwa, kofunansa yake lura da su ba masu zama jikin bango ba, kuma bulon nan da kika gani kada ki raina shi. Ta ɗaya gefen, na ji labarin waɗanda aka ce hamada ta cinye su suka ɓullo bayan shekaru, wasu kunyar dawowa hannu rabbana ce ta hana su ƙarasawa gida. Abokan tafiya ma sukan ce sun rufe mutum, don ya fi sauƙin faɗa a kan su ce sun bar shi a baya. Duka biyun suna yiwuwa. Abin da ya wuce wannan sanin Allah ne, ki bar masa.

Ga wanda na tabbata da shi: maganar mafarki ki cire ta. Ƙarya ce, kuma ita ce za ta ɗaure ki da sunan mai ganin matattu har ki rasa mafita. Amma gaskiya ma tana da ƙofar shiga. Irin wannan magana ba a tura ta a bokal, don bokal ƙafa gare shi, kafin la'asar ya zaga Issawane. Ki kira Sa'a ku haɗu ido da ido kafin ranar kasuwa, ke da mijinki, ita kuma ta zo da dattijo ɗaya na gidansu mai riƙe baki. Ki faɗa musu yadda kike aron fuska, ki ba su labarin tasha kamar yadda kika ba ni, har da abin da Na Allah ya ce da ƙafar bencin da bulon. Kada ki ce kin ga Ishaƙu. Ki ce kin ga wani mutum, ga kamanninsa. Iyakar shaidarki ke nan.

Rukaiya kuma kada ki ƙara barinta cikin shiru, shirunki ya fi kowace amsa cinta. Ki gaya mata a taƙaice cewa ba ki taɓa sanin mijinta na fari ba, kuma za ki yi bayani gaban Sa'a da babba, in tana so ta halarta. Ki cire wa ranki cewa ke za ki kashe mata aure. Ta yi takabarta bisa shaidar mutane, ta yi aurenta a fili. In ma ta tabbata yana raye, akwai malamai da manya da suka san hukuncin irin wannan, ba a kanta aka fara ba, kuma ba aikinki ba ne. Ita Inna, ki bar dangi su zaɓi yadda za su gaya mata. In ta zo kasuwa ki durƙusa ki gaishe ta, ki bar ta ta riƙe hannun, amma kada ki karɓi girman da ba naki ba.

Su dangin, in sun ga dama, sai su bar kwafin zanen wurin Na Allah da direbobi da 'yan kamasho, a nema cikin sirri ba tare da shela ba. A roƙi Sa'a ta sauke shi daga wayarta. Ke kuma ki dakatar da zanen mamata tukuna, ki koma kan amare da raguna har hankalinki ya kwanta. In kin dawo, duk wanda ya kawo kwatance ki faɗa masa tun farko cewa za ki cike da aro, in ya yarda bismilla. Faston ma ki riga masu tsegumi zuwa wurinsa.

Abu ɗaya zan bar ki da shi. In wanda kika gani ba na duniyar nan ba ne, addu'ar danginsa yake bukata, kuma gaskiyarki ba za ta rage masa komai ba. In kuwa mai rai ne, ki duba inda ya zaɓi zama: daidai inda motar da ke bin hanyar gida take lodi, ya kasa shiga, sannan ya buɗe wa baƙuwa kunnen da ya ɓoye wa ƙanwarsa. Mai yin haka ba ɓuya yake ba, jira yake wani ya ce ya gan shi. Ke ce kika gani, je ki faɗa.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya rufa wa Rukaiya asiri, ke kuma ya dawo miki da barcinki da kiriyonki.

Tanti Zubaida